Kafin A Goge Fenti, A Duba Taya

A makon nan zan jingine maganar karatu da tarbiyya da muka saba yi, in ɗauko wata da na tsinto a gindin darbejiya a garinmu Kausani, cikin ƙaramar hukumar Wudil. Maganar mota ce. Wanda bai mallaki mota ba kada ya ce ba da shi ake ba, domin ko bai saya ba yana hawa, kuma matarsa da 'ya'yansa suna hawa.

Wata Asabar ce cikin hunturun da ya wuce, na je gida ɗaurin aure. Bayan an shafa fatiha an watse, sai na ga samari sun yi dafifi a kan wata baƙar Honda Accord 'yar Kwatano. Ta wani ƙanena ce, ɗan baffana, wanda yake sayar da wayoyi a Kano, bai fi wata biyu da sayen ta ba. Gaskiya mota ta sha gyara. Fenti yana ɗaukar ido, an sa mata manyan wili masu walƙiya, an kuma cika but da akwatin sifika, in ya kunna har ƙirjin mutum yake bugawa. Kowa a wurin ya zama malami. Wannan yana faɗin irin folish ɗin da ya kamata a riƙa shafa mata, wancan yana cewa a ƙara amfilifaya, wani kuma yana ba da sunan wanda ya fi kowa iya liƙa baƙin gilashi a birni.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Maiduguri kafin ido ya sa shi ajiye tuƙi. Shi ma ya taso da sandarsa ya zo ganin mota. Bai kalli fenti ba, bai kuma nemi a kunna masa kiɗa ba. Tsugunawa ya yi a gaban tayar baya, ya shafa gefenta da babban yatsa, sannan ya ɗago ya ce da ni, "Malam, kai da idonka yake da saura, karanto mini lambobi huɗun nan na ƙarshe." Na duƙa na karanta masa: 1714. Ya girgiza kai ya ce, "To, wannan ta girmi ɗan autana." Ƙanen nawa ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai zanenta ko cinyewa bai yi ba. Yaya, duba ka gani." A yammacin ranar shi aka tsara zai kwashi goggonnin amarya da yara uku zuwa Gaya.

Abin da na kwana da shi a raina ke nan, shi ne kuma dalilin rubutun nan. Mun iya kashe wa mota kuɗi a kan abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, amma in an zo kan abin da yake riƙe da ranmu a kan kwalta, sai mu nemi mafi araha. Kakanninmu masu dawaki ba haka suka yi ba. Sun san daɗin sirdi mai ado da jalala da linzamin azurfa ranar hawan Sallah, amma duk wanda zai sayi doki, ƙafafu da kofato yake fara dubawa. Mota ta gaji doki a wajen Bahaushe ta fuskar ado da alfahari, sai dai ba mu gaji wannan tsari na abin da ake fara dubawa ba.

Bari mu fara da tayar. Duk girman mota da nauyinta, wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Birki, sitiyari da ƙarfin inji duk ta waɗannan tafukan hannu huɗu suke isa ga hanya. In sun gaza, sauran kayan motar ba su da abin da za su iya.

Lambobin da Baba ya sa na karanta masa su ne ranar haihuwar taya. A gefen taya akwai rubutu da yake farawa da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Tun daga shekarar 2000 haka ake rubuta su: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ke nan 1714 tana nufin mako na 17 na shekarar 2014. Roba tana tsufa ko da ba a yi tafiya da ita ba. Iska da zafin rana suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, mannewar da ke tsakanin robar da wayoyin ƙarfen da ke cikinta ta yi rauni. Wannan lalacewa daga ciki take farawa, shi ya sa kyan zane ba ya zama shaida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Wasu kamfanonin motoci na ƙasashen waje suna cewa shekara shida, kamfanin Michelin kuwa yana cewa a riƙa kai ta ga masani duk shekara in ta kai biyar, kuma kada ta wuce goma ko da tana da kyan gani. Duk wanda mutum ya bi a cikinsu, tayar ƙanena ta tsallake iyaka. Mu kuma da muke ƙasar da zafin bazara yake kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, mu ya fi kamata mu ɗauki wa'adi mafi gajarta.

Da muka zagaya ɗaya gefen motar, sai muka tarar da wata matsalar. Ɗaya daga cikin tayoyin gaba tana ɗauke da hoton tsauni mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiyarsa. Wannan tayar hunturun Turai ce. An haɗa robarta da laushi don ta kama hanya a lokacin da sanyi ya sauko ƙasa da maki 7. In aka ɗora ta a kan titin Kano zuwa Wudil a watan Afrilu, laushinta yana ƙaruwa, ta yi saurin cinyewa, birki kuma ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Irinta suna da yawa a cikin tayoyin da muke kira 'yan Beljiyam, kuma zurfin zanensu ne yake ruɗar mai saye, ya yi wa rogo kallon kitse.

Akwai sauran rubutu a jikin taya da ya kamata mai mota ya iya karantawa. In ka ga 205/55 R16 91H, to 205 faɗin tayar ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na wannan faɗin, 16 kuma girman wilin da za ta hau ne a inci. Lamba 91 tana nufin nauyin da tayar za ta iya ɗauka, wato kilo 615, harafin H kuma iyakar gudun da aka yi ta dominsa, kilomita 210 a sa'a. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna ɗauke da darajar jure zafi, A ko B ko C, kuma A ce ta fi juriya. A cikin ramukan zanen kuma akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa da gangan. Ranar da fuskar taya ta sauko daidai da su, zurfin zanen ya koma milimita 1.6, aikinta ya ƙare. Zanen nan shi yake korar ruwa daga ƙarƙashin taya. In babu shi, ranar da aka yi ruwan Agusta mota a kan ruwa za ta riƙa sulɓi, direba yana juya sitiyari tana tafiya inda ta ga dama.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi kasuwarmu ta cika da tsofaffin tayoyi? Da can ana yin taya a ƙasar nan. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop yana da tasa a Ikeja. Na farkon ya rufe a 2007, na biyun ya daina yi a 2008, kuma tsadar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje masu araha suna cikin dalilan da aka bayar. Tun daga lokacin kusan duk tayar da ke ƙarƙashin motocinmu daga waje take zuwa. Tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya taɓa zuwa neman taya ya san suna nan jibge. Ko sababbin ma ba duka suka tsira ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu a cikin wasu don kwantena ta ɗauki da yawa, kuma wannan matsi yana lanƙwasa wayoyin da ke bakin taya tun kafin ta taɓa kwalta.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi arha a gyara, ita ce kuma muka fi sakaci da ita. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen iskar taya wannan karin magana ba ta aiki. Taya tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba, harbin ta da ƙafa ko ƙwanƙwasa ta da sifana kuma ba awo ba ne. Adadin iskar da ya dace da kowace mota yana rubuce a wata takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin kuma a murfin tankin mai. Ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI. Babbar lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce da ba a so a wuce, amma sau da yawa ita ake bi a wajen faci, a ɗura wa ƙaramar mota 45 ko 50. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai take taka ƙasa, ta rage kama hanya, in ta faɗa rami kuma ba ta da laushin da za ta shanye dukan.

Ƙarancin iska ya fi haka haɗari. Akwai wata fatawa da ta yaɗu a tashoshin mota, wai in zafi ya yi yawa a rage wa taya iska don kada ta fashe. Abin da yake faruwa kishiyar haka ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi yana haifar da zafi a cikin robar, zafin kuma shi yake raba ta da wayoyinta har ta tarwatse. Ana auna iska da safe ne kafin a yi tafiya, lokacin da taya take da sanyi. In an yi gudu awo zai ɗan hau, kuma kamfani ya riga ya yi lissafin wannan hawan, ba a sace shi. Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan haɗurran da suka ci rayuka da dama, yawancinsu a motar Ford Explorer, kuma matsalar ta fi tsanani a wurare masu zafi, har da ƙasar Saudiyya. A dalilin haka aka yi dokar da ta tilasta wa sababbin motocin ƙasar ɗaukar na'urar gargaɗin ƙarancin iska daga 2007. Ita ce 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Motocin nan sun zo hannunmu, fitilar tana kunne wata da watanni, wasu ma har biyan mai wayarin suke yi ya kashe musu ita don ta dame su. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa yana kukan tsadar fetur, alhali tayar da ba ta da iska ƙara wa mota shan mai take yi.

Manyan wilin da samari suke so su ma suna da nasu farashin. In an ƙara girman wili dole a rage tsayin gefen taya don ta shiga mazauninta, gefen nan kuwa shi ne matashin da yake tsakanin ƙarfe da rami. A titunan Jamus wannan ado ne. A hanyoyinmu na karkara, rami ɗaya ya isa ya tsaga wili ko ya tsinka zaren cikin taya. Ƙululun da yake fitowa a gefen taya alamar wannan tsinkewar ce, kuma ba shi da faci. Haka nan hujin da ke gefe. Wanda kuma kuɗinsa bai kai na taya huɗu ba, sai biyu, shawarar kamfanonin taya ita ce a sa sababbin a baya, domin in baya ta kufce a kwana ko a ruwa, mota juyawa take yi gaba ɗaya, kuma direba ba shi da yadda zai tare ta.

Kada a ɗauka wannan matsalar talaka ce kaɗai. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe motar ta wuntsila. Idan hakan ta samu minista a babbar mota, ina ga mai ƙaramar mota da ya ɗauko mutum bakwai? Ranar da Allah Ya jarrabi mutum da fashewar taya yana cikin gudu, abin da masana tuƙi suke koyarwa shi ne kada ya danna birki da ƙarfi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya tsayar da motar a kan layinta, ya sassauta totur a hankali, sai gudu ya ragu sannan ya taɓa birki ya gangara gefe.

Yanzu mu koma kan fenti, domin ba na cikin masu ganin tsaftar mota ɓata lokaci ne. Fenti shi yake kare ƙarfe daga tsatsa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin da na lura shi ne, yawancin abin da muke yi da sunan kula da fenti shi yake kashe shi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani garai-garai mai ba da ƙyalli, wanda kaurinsa bai kai na takardar da kake karantawa ba. Ƙurar hunturu da iska take kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi wannan fenti tauri. Duk safiyar da aka sa yaro ya goge mota da busasshen tsumma, tamkar an bi ta da takardar gurza katako ne. Waɗannan siraran zane masu zagaye da ake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska, daga nan suke. Ƙura da ruwa ake kore ta, in babu ruwa a bar ta ya fi.

Wankin ma yana da ƙa'ida. A fara watsa ruwa ya sauke ƙasa, a wanke daga sama zuwa ƙasa, a ware bokitin kumfa daban da na ɗauraye soso, a kuma ware soson taya daban, kada yashin da ya kwaso ya hau jikin mota. Garin sabulun wankin tufafi an yi shi ne don ya cire maiƙo, saboda haka yana wanke kakin da yake kare fenti, ya busar da robobin gilashi. Ba a wanki a tsakar rana, domin ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana barin tabon gishiri. Inuwar darbejiya da muke so tana tare da kashin tsuntsaye da 'ya'yan itace, kuma kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana yana cin fenti, gara a jiƙa shi a ɗauke da wuri. Rufe mota da tamfol alhali tana da ƙura, iska tana kaɗa shi yana gurzar ta. Injin folish kuwa kankare saman fenti yake yi kafin ƙyalli ya fito, wanda yake kai motarsa duk wata, wata rana zai tarar babu abin da ya rage a kankare. Shafa kakin mota da hannu sau uku ko huɗu a shekara ya wadatar. Da damina a riƙa wanke ƙarƙashin mota, domin laka tana riƙe danshi, tsatsa kuma daga nan take farawa.

Abu biyu a wajen wanki sun shafi lafiya kai tsaye. Na farko, baƙin mai ko man birki da wasu suke shafa wa taya don ta yi sheƙi: baƙin mai yana lalata roba, man birki kuma in ya ɗiga a fenti yana ɗaye shi. Na biyu, gilashin fitilun gaba. Na motocin yanzu roba ce, rana tana mayar da ita ruwan ɗorawa, haske ya dushe. Mutum zai goge jikin mota har ya ga fuskarsa, ya bar fitila dishi-dishi, sannan ya hau hanyar Wudil da daddare ranar Juma'a, ranar da kasuwar Kara take ci, tireloli suna lodin shanu, makiyaya suna tsallaka titi da dabbobi. In akwai wurin da ya cancanci folish a jikin mota, to fitila ce.

Saura kiɗa. Ba laifi ba ne mutum ya so sauti mai kyau a motarsa, ko na karatu ko na labarai ko na waƙa. Amma akwai lissafin da ya kamata a yi. Wutar mota bolt 12 ce. Amfilifayar da take cin wat 600 za ta ja kusan amfiya 50, alhali abin da na'urar cajin ƙaramar mota take bayarwa gaba ɗaya bai cika wuce 80 zuwa 120 ba, kuma daga ciki fitilu da na'urar sanyi da injin kansa suke sha. Shi ya sa ake ganin fitila tana lumshewa tare da bugun ganga, batir kuma yana mutuwa kafin lokacinsa. Mafi muni shi ne waya. In aka ja siririyar waya daga batir zuwa but ba tare da fiyus a kusa da batir ɗin ba, ranar da ƙarfe ya goge rigarta ta taɓa jikin mota, ja za ta yi kamar garwashi a ƙarƙashin kafet. Ƙaramin fiyus na 'yan kuɗi kaɗan shi ne tsakanin mota da gobara.

Kunne kuma ba shi da safaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai ƙarfin desibel 80 mutum zai iya saurarensa sa'a 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Bayan haka, direba da kunne yake tuƙi kamar yadda yake yi da ido. Hon ɗin tifar yashi da ta taho a baya, jiniyar motar asibiti, ƙarar da taya take yi in ta fara ɗayewa, duk gargaɗi ne, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira. Allon kallo da ake ɗorawa a gaban direba ya fi sifika illa. Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kallon allo na daƙiƙa uku tafiyar mita 80 ce da 'yan kai ido a rufe. Ban ma shiga haƙƙin maƙwabci da marar lafiya da masu salla ba, waɗanda ba su nemi a jiyar da su ba.

Na san abin da wani zai ce: Malam, sabuwar taya ta yi tsada, kai albashi kake ɗauka. Gaskiya ne ta yi tsada, ni ma ina ji a jikina. Direban haya da yake jigila tsakanin Mariri da Wudil, wanda yake kai balas kullum, uzurinsa daban ne, kuma nauyin da ke kan hukuma ne ta tsaftace kasuwar taya, ta kuma farfaɗo da yin ta a gida don farashi ya sauko. Amma wannan uzuri bai shafi wanda ya samu kuɗin wili da sifika ba. Da na tambayi ƙanena abin da ya kashe a kan kayan sauti, muka lissafa, ya isa sababbin tayoyi biyu har da canji. Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda ya san tayarsa ta mutu ya ɗebi 'ya'yan mutane ya hau titi, amanar rayuka ya ɗauka, kuma za a tambaye shi.

A ranar dai ba da motarsa aka kai amarya ba. Baba ne ya tsaya kai da fata, ya ce muddin yana numfashi jikokinsa ba za su shiga ba. Ƙanen nawa ya yi fushi, ya ce na kunyata shi a gaban abokansa, ya yi mako biyu ba ya ɗaga wayata. Daga baya na ji ya canza biyu, ya sa su a baya, sauran biyun yana jiran kasuwa ta buɗe. Har yanzu akwatin sifikar yana but.

Ni ma ban fita fes ba. Da na dawo Kano a daren, sai na ɗauki tocila na zagaya tawa motar. Tayoyi huɗun suna cikin wa'adi, amma da na ɗaga shimfiɗar but na taɓa safaya, sai na tarar ba ta da iska ko kaɗan, kuma tun da na sayi motar ban taɓa duba ta ba. Shekara uku ina bin hanyar Wudil da iyalina a haka. Washegari na sayi ɗan ƙaramin gejin iska na ajiye a aljihun mota, kuɗinsa bai kai na wanki uku ba.

Abin da nake roƙon mai karatu ke nan a makon nan. Gobe da safe kafin ka tayar da mota, ka tsuguna ka karanta lambobi huɗun nan a kowace taya, har da safaya. Ka buɗe ƙofar direba ka ga adadin iskar da aka rubuta, ka sa a auna maka da geji a gabanka. In motar haya za ka shiga, ka ɗan zagaya ta kafin ka zauna, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ka gama wannan, sai ka ɗauko bokiti da soso.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.